Huci Mai Dogon Zango Da Masu Sayar Da Shi

Akwai wani ciniki da ya yaɗu a manyan garuruwan ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, wanda ya kamata mu ɗaliban Hausa mu sa masa ido, domin da harshe ake fara yinsa kafin a kai ga kuɗi. Cinikin kuwa shi ne na kayayyakin da ake cewa suna fid da wani irin haske na musamman wanda ido ba ya gani, mai suna fa-infared. Akwai gado mai jerin duwatsu da ake ɗumamawa da lantarki, akwai katifa da ɗamara da safa da abin wuya, har da kofin shan ruwa da audugar mata. Masu talla sukan ce hasken nan yana ratsa jiki ya kai ga ɓargo, ya narkar da kitse, ya wanke jini, ya kori dafi, ya warkar da hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki, wasu ma ba sa jin nauyin ƙarawa da ciwon daji. Sau da yawa kyauta akan fara ba mutum ya kwanta a gadon, sai ya saba, ya ji daɗi, sa'an nan a gaya masa kuɗin wanda zai kai gida.

Abin da nake so in nuna a wannan ɗan rubutu shi ne, wannan abu da aka lulluɓe da sunan Bature ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Huci ne, irin wanda mutum ke ji a fuskarsa in ya tsaya gaban murhu ko da iska ba ta kaɗo masa ba. Yana da aiki a jikin mai rai, aiki na gaskiya wanda aka auna, yana kuma da iyaka, yana da illa. Wanda ya san sunansa da Hausa da wuya a sayar masa da shi a farashin gona.

Na zaɓi in ɗora maganar a kan Makera, hedikwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, saboda dalili biyu. Na farko ƙarami ne: in aka sa wa kafin sunan ƙugiya sai ya zama maƙera, watau gidan huci kansa, inda maƙeri ke wuni tsakanin zuga-zugi da garwashi. Na biyu shi ne mai nauyi. Makera da Kakuri da Nasarawa unguwanni ne da masana'antu suka raya. A nan aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL da ta Arewa suka biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, ma'aikatar ƙera makamai a 1964, ta haɗa motar Peugeot a 1975. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka zo suka zauna saboda aikin. Daga baya masaƙun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ta Kaduna a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. Samarin da suka tsaya gaban injin saƙa a 1980 su ne dattawan yau, masu ciwon baya da ciwon gwiwa da hawan jini, masu ɗan abin hannu kaɗan. Irin waɗannan bayin Allah mai tallar gado yake nema ko'ina yake, domin ciwonsu na kullum ne, maganin asibiti kuma kullum sai an saya, shi kuwa yana alkawarin saye ɗaya a huta.

To, mene ne ainihin abin? Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo yana neman tashar Kaduna a kan mita 49 ya riga ya san rabin amsar. Ya san akwai gajeren zango da matsakaici da dogo, ya kuma san cewa muryar da yake ji ta iso shi ne a kan wata igiya da ba a gani. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa igiyar rediyo da hasken rana da hoton ƙashi na asibiti duk dangi ɗaya ne, tsawon zango kaɗai ya raba su. Na rediyo ana aunawa da mita. Na haske kuwa sai da maikuron, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai guda yakan kai maikuron 50 zuwa 100. Idon ɗan Adam yana ganin abin da ke tsakanin maikuron 0.4 da 0.7 kawai, ja shi ne mafi tsawon zango a cikin launukan bakan gizo. Da an wuce ja sai ido ya gaza, fata ta karɓi aikin. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya fara gane haka a 1800, sa'ad da ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora ma'aunin zafi a gefen ja inda babu launin komai, ya ga ma'aunin ya hau. Sunan infared ba ya nufin komai illa abin da ke ƙasa da ja. Daga 0.7 zuwa 1.4 shi ne mai gajeren zango, daga 1.4 zuwa 3 matsakaici, daga 3 har zuwa 1,000 kuma shi ne wanda likitoci suka fi kira mai nisa, wanda ni zan kira huci mai dogon zango. Masanan ma ba su haɗu a kan iyaka ɗaya ba, wasu sukan fara ƙirga mai nisan daga 15, wasu daga 50. A lissafin waɗannan na ƙarshe, abin da ake sayarwa a kasuwa bai ma cancanci sunan da aka laƙaba masa ba.

Wa ke fid da wannan huci? Kowa da komai. Duk abin da ke da ɗumi yana fid da shi dare da rana, kuma zafin abu shi ke yanke tsawon zangon da zai fi fitarwa. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Wien ya fito da lissafin a 1893, lissafi ne kuma da ɗan sakandare zai iya yi. Rana, da zafin fuskarta ya kai wajen digiri 5,500 a ma'aunin Salshiyos, ta fi ƙarfi a maikuron 0.5, shi ya sa muke ganinta. Garwashin maƙera mai digiri 800 ya fi ƙarfi a wajen 2.7. Kaskon tuya mai digiri 200 a wajen 6. Bangon ɗaki da ya sha rana ya kai digiri 40 a wajen 9.3. Fatar mutum mai digiri 33 kuwa a wajen 9.5. Baligi yana zaune kurum jikinsa yana samar da zafi kamar na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, kuma in ɗakin da sanyi-sanyi, kusan rabin wannan zafi ko fiye ta hanyar huci yake fita. 'Yar na'urar nan mai kama da bindiga da aka riƙa auna mana a goshi a ƙofar banki da masallaci da makaranta a 2020, lokacin annobar korona, hucin goshinmu take karantawa ta faɗi zafin jiki. Abin dariya, a lokacin an yi ta raɗe-raɗin cewa tana harba wani abu cikin ƙwaƙwalwa, alhali ita karɓa take yi. An ji tsoron mai karɓa, ga shi ana biyan kuɗi wurin mai ba da abin da bangon ɗaki ke bayarwa kyauta.

Masu talla suna da wata hujja da suke ji da ita. Sukan ce zangon da dutsensu ke fitarwa daidai yake da na jikin mutum, don haka jiki yana amsa masa kamar yadda ganga ke amsa ganga. Gaskiya ne zangon ya yi daidai, amma dalilin bai wuce cewa dutsen da jikin ɗuminsu ya yi kusa ba. Tukunyar ƙasa mai wannan ɗumi haka za ta yi, bayan uwa ga goyonta haka yake yi. Safa ko ɗamarar da ba a haɗa ta da lantarki ba kuwa ba ta da wani zafi nata na kanta. Na jikinka take karɓa ta mayar maka da wani sashe, aikin da bargo ya daɗe yana yi ba tare da an kira taro a kansa ba.

Sai batun ratsa jiki, wanda shi ne ginshiƙin tallar gaba ɗaya. A nan abin ya zo a juye. Ruwa yana shanye huci mai dogon zango nan take, fatar mutum kuwa cike take da ruwa. A zangon maikuron 10, hucin bai ratsa ko kaurin takarda guda ba kafin ya ƙare ya zama zafi a saman fata. Mai gajeren zangon ne, wanda ke kusa da ja, yake iya shiga milimita kaɗan. Abin da ke kai ɗumi cikin tsoka da gaɓa shi ne jini: fata ta yi zafi, jijiyoyinta su buɗe, jini ya kwaso zafin ya zaga da shi, zuciya ta ƙara sauri, gumi ya karyo. Wannan aiki ne babba, ba na raina shi, amma shi ne dai aikin da tsumma da ruwan zafi ke yi a wurin tsohuwa mai gasa wa jikanta targaɗe. Akwai masu bincike da ke ganin hucin yana da wani tasiri dabam ban da zafi, sun kuma ga alamu a jikin ɓeraye da ƙwayoyin halitta da aka raina a kwalba. Har yanzu magana ce ta ɗakin gwaji, ba ta kai matsayin da za a ce wa mai ciwon sukari ya dogara da ita ba. Game da korar dafi ta gumi kuwa, gumi kusan dukkansa ruwa ne da ɗan gishiri. Hanta da ƙoda su Allah ya ɗora wa aikin tace jini, kuma yawan gumi ba tare da shan ruwa ba ƙodar yake wahalarwa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa huci ba kome ba ne ga masu rai. Halittu da dama da shi suke rayuwa. Mesa tana da 'yan ramuka a leɓɓanta waɗanda ke jin hucin ɓera ko zomo cikin duhu, kuma a 2010 masu bincike a ɗakin gwajin David Julius a Amurka suka gano ƙwayar da ke yin wannan aiki a jijiyar macizai. Ramin ne ke ɗumama, jijiya ta ji ɗumin. Shi wannan Julius ya sami kyautar Nobel a 2021 saboda gano yadda jijiyarmu ke jin zafi, ya kuma nuna cewa ƙofar da zafin da ya haura digiri 43 ke buɗewa ita ce barkono ke buɗewa. Ashe Bahaushe da ya ce barkono yana da zafi bai yi kuskuren kalma ba. A 2024 kuma wasu masana a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka nuna cewa sauron da ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi yana bin hucin fatar mutum daga nisan da ya kai wajen santimita 70, kuma in hucin ya haɗu da warin jiki da numfashi, himmarsa ta neman mutum takan ninka; tufa mai yalwa wadda ba ta manne wa fata tana rage wannan, abin da zai faranta wa masu babbar riga rai. A cikin Sahara akwai wata tururuwa mai launin azurfa da ke fita kiwo da tsakar rana, lokacin da rairayi ke iya kai digiri 70. An gano a 2015 cewa gashin jikinta yana mayar da hasken rana, yana kuma taimaka mata ta zubar da zafin jikinta ta hanyar huci. Mai kiwon kaji da ke ajiye kaskon gawayi tsakiyar 'yan tsaki, da ungozomar asibiti da ke kwantar da bakwaini ƙarƙashin na'urar ɗumi, duk da wannan abu suke aiki, kuma dukansu sun san cewa in ya yi yawa kisa yake yi.

Likitoci ma sun gwada shi a kan marasa lafiya, kuma adalci ne a faɗi abin da suka samu. A Kagoshima ta ƙasar Japan, Farfesa Chuwa Tei ya tsara wata hanya ga masu raunin zuciya: a sa majiyyaci a ɗakin huci mai digiri 60 na minti 15, sa'an nan ya kwanta a lulluɓe na minti 30, a auna nauyinsa kafin da bayan, a ba shi ruwa daidai abin da ya zubar. A gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum 149, waɗanda aka yi wa sun fi jin sauƙin numfashi da tafiya, amma babban ma'aunin jini da aka sa a gaba tun farko bai nuna bambanci mai ƙarfi tsakaninsu da sauran ba. A Taiwan kuma, a 2007, an gwada shi a kan mutum 145 masu wankin ƙoda, ana haska jijiyar hannun da ake sa musu allura minti 40 sau uku a mako, aka ga bayan shekara guda jijiyar ta fi daɗewa ba ta toshe ba. Waɗannan sakamako ne masu daraja. Amma a lura da yadda aka same su: ciwo ɗaya takamaimai, zafi a aune, lokaci a aune, likita a tsaye, kuma babu wanda aka ce ya bar maganinsa. Masu talla sukan kuma jawo binciken Finlan na 2015, wanda ya bi maza 2,315 wajen shekara 20 ya ga masu yawan shiga ɗakin gumi sun fi tsira daga mutuwar zuciya. Ɗakin gumin Finlan na iska mai zafi ne da duwatsu da tururi, ba na'urar da suke sayarwa ba, kuma binciken lura ne kawai, bai tabbatar da cewa ɗakin ne sanadi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da fitilun huci don sauƙaƙa ƙananan ciwon tsoka da gaɓoɓi na ɗan lokaci da ƙara gudun jini a wurin da aka haska. Tsakanin wannan da warkar da ciwon daji akwai tafiyar da ta fi ta Kaduna zuwa Makka a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muke sauraron labarin Japan da Taiwan baki buɗe, alhali ɗaya daga cikin sanannun bincike na duniya a kan zafi da zuciya a Zariya aka yi shi, a kan iyayenmu mata. Kowa ya san wankan jego: ruwa mai tafasa safe da yamma ana fyaɗawa da ganye har kwana arba'in ko fiye, da kunun kanwa, da kuma, a ƙasar Zazzau musamman, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Gadon nan, in za a faɗi gaskiya, shi ne kakan gadon da ake tallarsa yau. Yumɓu mai ɗumi yana fid da huci mai dogon zango babu abin da dutsen Koriya zai nuna masa. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978. Sun ga ciwon yana kama kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a yankin, adadin da ba a san irinsa ba a wata ƙasa, kuma ya fi yawa a watannin zafi da damina. Suka yi zargin cewa gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyi ya tilasta wa zuciya aiki, har ta gaji.

Maganar ba ta tsaya nan ba, kuma ci gabanta ya fi farkonta koyarwa. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun tattara bayanan mata daga asibitoci da dama na Nijeriya, suka buga a 2020. Ciwon yana nan da yawansa a Arewa maso Yamma, amma ba su ga wankan zafi da kunun kanwa sun bambanta masu ciwon da marasa shi ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin ilmi, da rashin sana'a, da hawan jini na masu ciki, a wani binciken nasu kuma ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Watau fiye da shekara arba'in ana kai da komo a kan tambaya ɗaya tak, ko zafi yana cutar da zuciyar mai jego, manyan likitoci suna gyara wa juna. In tambaya ɗaya ta ci wannan lokaci, da wane ilmi yaro mai lasifika ya san cewa gadonsa yana maganin cuta ashirin?

Illar da ba a gardama a kanta ita ce ƙuna. Tun 1947 Moritz da Henriques na Jami'ar Harvard suka auna cewa zafin digiri 44, wanda hannu ke iya jurewa, yana ƙona fata in ya daɗe a kanta wajen awa shida, kuma kowane ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da kusan rabi. A digiri 60 'yan daƙiƙoƙi sun isa. Mai lafiya zai ji zafi ya janye. Mai ciwon sukari da ya daɗe, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka mutu, ba zai ji ba, kuma gyambon ƙafar mai sukari kowa ya san inda yakan ƙare. Shi ne kuwa aka fi kira ya zo ya ɗora ƙafa. Haka mai shanyewar ɓarin jiki, haka tsohon da barci ya kwashe a kan katifa mai wuta. Akwai kuma tabon nan mai kama da raga da ke fitowa a ƙwaurin masu yawan jin ɗumi da hunturu. A Kashmir, inda mutane ke rungume kaskon garwashi a cikin riga, likitoci sun lura tun ƙarni na 19 cewa irin wannan tabo yakan rikiɗe ya zama ciwon dajin fata a ciki da cinya. Mai ƙaramin ciki an hore ta da kada zafin jikinta ya haura digiri 39, namiji mai neman haihuwa kuma yawan gasa mazauni yana rage masa ƙwayoyin maniyyi, ga shi kuwa har da sunan maganin rashin haihuwa ake tallar abin.

Duk da haka, ba ƙuna na fi jin tsoro ba. Hawan jini ba ya ciwo. Dattijo ya kwanta a gado mai ɗumi, jijiyoyinsa su buɗe, a auna shi nan take a ga awon ya ɗan sauka, a yi tafi. Bayan awa kaɗan jinin ya koma inda yake, amma shi ya riga ya gaskata, ya ajiye ƙwayoyin da aka rubuta masa a asibitin Gwamna Awan ko na Saint Gerard da ke nan Kakuri, kuɗin da zai sayi maganin wata da watanni kuma ya tafi ga katifa. Ranar da jijiya ta fashe a ka, ba wanda zai rubuta sunan katifar a takardar asibiti. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita doka ta ba ikon lura da na'urorin lafiya da tallarsu, kuma ya kamata ta riƙa jin abin da ake faɗa da baki a cikin shago da Hausa, domin abin da aka rubuta a kwali da Turanci sau da yawa ya fi shi kunya nesa ba kusa ba.

In ana son a yi maganar huci da lafiyar mutanen Makera da gaske, sama ya kamata a duba. Yawancin gidajen haya na unguwannin ma'aikata rufin kwano ne, da yawa babu silin. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Kaduna kan haura digiri 35 a inuwa, tsohon kwano mai tsatsa yakan fi iskar waje zafi nesa, ya riƙa zubo huci a kan duk wanda ke ƙarƙashinsa, jariri da mai jego da tsoho. Bangon bulo kuma ya adana nasa ya sake shi da dare. Jiki ba ya iya zubar da zafinsa ga bangon da ya fi shi zafi, sai gumi kaɗai ya rage masa. Ƙarshen wannan hanya an gan shi a Mali a 2024, inda zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes ranar 3 ga Afrilu, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan. Ga kuma masu gidan burodi da masu walda da masu suya da mata masu tuyar ƙosai, waɗanda ke wuni gaban wuta. An daɗe da sanin cewa hucin wuta mai ƙarfi, musamman mai gajeren zango, yana kawo yanar ido ga masu aikin narkar da gilashi da ƙarfe. Kuɗin gado guda na duwatsu zai yi wa ɗaki silin, ya shafa wa kwano farin fenti, ya dasa darbejiya a ƙofar gida. Magina na da, masu soro da azara da katanga mai kauri, sun fahimci wannan lissafi ba tare da sun ji sunan Wien ba.

Saura in ce wani abu game da namu hannun a ciki, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai. Tallar da ake yi a rediyo da takardun da ake rabawa da saƙonnin WhatsApp, wani ne ya mayar da su Hausa, kuma Hausar tasu sau da yawa mai kyau ce, irin ta wanda ya zauna a aji kamar namu. Mai fassarar yakan fassara kowace kalma, jini da ɓargo da dafi, sai ya zo kan kalma ɗaya ya bar ta da Turancinta, domin ya san a nan kwarjinin yake. An yi aikin ƙirƙirar kalmomi a da: littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ya fito a 1990, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fid da ƙamusunta a 2006. Kalmomin kimiyyar lafiya da ke shigowa ta bakin 'yan kasuwa su ma suna bukatar irin wannan hidima, kuma da gaggawa, tun kafin baƙuwar kalma ta zauna daram. Na kawo huci ne domin ya bambanta da ɗumi, wanda hali ne na abu, da tururi, wanda ruwa ne, da zafi, wanda ya game duka. Huci shi ne wanda ke tasowa daga abu ya same ka ba tare da ka taɓa shi ba. Na san ana cewa maciji yana huci, mai fushi ma yana huci, wani zai ce kalmar ta yi nauyin ma'ana biyu. Zango kuwa na aro shi daga ma'aikatan rediyo, waɗanda su ma daga fatake suka aro shi. In malaman sashe suna da wadda ta fi ta dacewa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke, a kawo ta a fitowa ta gaba mu gwada ta a bakin tsofaffin ma'aikatan masaƙa mu ji ko za ta zauna.